Ai Ko Ɗana Zai Iya Zana Wannan!

Na san ku sarai. Tun kafin in buɗe baki kun riga kun taɓe naku. Ranar da na kai wani hoto majalisarmu ta bakin titi, wayata ta yi ta yawo hannu-hannu kamar kwanon goro, har ta isa hannun wani dattijo mai tabarau. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini yana cewa, "Malam, hoton nan bai gama buɗewa ba, ko datarka ce ta ƙare?" Aka kwashe da dariya. Mai shayi ma da ba a kasa da shi ba ya leƙo, ya ce shi dai a ganinsa tela ne ya share shago ya tara ƙyallaye wuri guda. Daga nan aka yanke hukuncin da ake yankewa a kowace majalisa ta duniya: ai ko ɗana zai iya zana wannan.

Abin da suka gani zanen tsauni ne na wata mata mai suna Etel Adnan. Sama shafe ɗaya, tsaunin faci biyu ko uku, ƙasa faci ɗaya, sai wani ɗan jan abu a gefe da ake kyautata zaton rana ce. Babu ganye, babu ciyawa, babu ko tsuntsu guda na sadaka. Irin wannan zane nake kira zanen faci-faci, kuma sunan daga bakin mai shayi na tsince shi, Allah Ya saka masa. Mai zane ya dubi fili da duk abin da ke cikinsa, ya tattare shi ya mai da shi siffofi kaɗan masu faɗi, kowace ya shafe ta da launi guda, ya ajiye burushi ya tafi cin abinci.

To, Alhaji, tunda ɗanka zai iya, kai da ka haife shi ai sai abin da ya yi gaba. Ga goron gayyata. Ku Kanawa ku ɗauki Dala, in ya yi muku kaɗan ku haɗa da Goron Dutse, na san ba ku son ciniki babu gyara. Mu Zazzagawa Kufena ya ishe mu. Sharaɗin ɗaya ne: faci biyar, kada a wuce. Ka tsaya gaban dutsen da takarda a hannu. Nan take za ka ga gidaje sun fi dubu, ga wayoyin lantarki, ga tankunan ruwa, ga darbejiya, ga shanyar wata baiwar Allah a kan katanga. Wanne za ka bari, wanne za ka kora? Nan ne gumi zai fara keto maka. Kwafe abin da ke gabanka ɗaya bayan ɗaya aikin haƙuri ne, kuma mai haƙuri kan gama. Amma ka ce wa gida dubu ku haɗu ku zama faci ɗaya ruwan ƙasa, wannan sai wanda ya san abin da ya riƙe hoton da abin da ya raɓu da shi kawai.

Ai ku ma kun san haka a magana. Wa kuke kira mai hikima, wanda ya shafe awa yana ba ku labarin yadda ya ranta wa aboki kuɗi zumunci ya lalace, ko tsohuwar da ta ce "bashi hanji ne, yana cikin kowa" ta ci gaba da tsinkar zogalenta? Ba wanda ya taɓa ce wa karin magana, "Ai ko ɗana zai iya, kalma shida ce kacal." Amma da aka yi wa tsauni karin magana da fenti, sai kuka ce data ta ƙare.

Bari in nuna muku yadda masu abin suke yi, don kada ku ce rowa nake. Farko dai sai a ƙanƙance ido, kamar mai hangen jinjirin wata. Da ka ƙanƙance, ƙananan abubuwa sai su narke, ganye ya shige cikin bishiya, bishiyoyi su haɗe su zama dunƙule guda, abin da zai rage shi ne manyan siffofi da bambancin haske da duhu. Sai a ɗauki fensir a yi ɗan zane da bai fi kwalin ashana ba, da fari da toka da baƙi kawai. In wannan ɗan mitsitsin bai yi kama da wurin ba, ko ka juye masa fentin kasuwar Kurmi duka ba zai yi ba. Shi ya sa sukan yi uku ko huɗu su zaɓi ɗaya.

Akwai ma tsari a kan wane faci ne zai fi wane haske. Wani mai zanen Amurka, John F. Carlson, ya bayyana shi a littafinsa. Sama ce ta fi haske, don daga can hasken yake saukowa. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce ta biyu, don tana kwance tana shan haske kamar shanyar barkono. Gangaren tudu na uku, saboda a karkace yake karɓa. Abin da ke tsaye cak, kamar bishiya, shi ne ya fi duhu. Na ga wani manomi can baya yana ɗaga hannu. Na ji ka, Baba, kuma ka yi gaskiya: ranar da hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, rana kuma ta haska gonar gero daga yamma, ƙasa ce ke fin sama haske. To wannan juyin shi ne abin da ke sa ka tsaya ka saki baki a bakin gona, kuma shi mai zane zai kama da faci biyu, sama mai duhu da gona mai walƙiya. Ka ga ashe ka san ƙa'idar tun kafin ka ji sunan Carlson, gardama ce kawai ta zame maka jiki.

Bayan wannan sai rabon fili. Ba a raba takarda biyu daidai a ba sama rabi ƙasa rabi, kamar rabon gadon 'yan biyu. Ɗaya ya zama babba, ɗaya ƙarami, don ido ya san inda zai fara sauka. Faci biyu kuma kada su zo girma ɗaya, in ba haka ba hoton zai koma tayil ɗin banɗaki. Sai a ɗauki babban burushi, irin wanda ko kana so ba zai bar ka ka zana ganye ba. A haɗa launi, a shafa, a bar shi. Wannan "a bar shi" ita ce aya mafi wuya a karatun duka. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi yana so ya koma ya ɗan gyara, ya ɗan ƙara taga, ya ɗan sa akuya. Wanda ya bi son zuciyar hannunsa, kafin la'asar launukansa sun cakuɗe sun koma ruwan kwata.

Yanzu ga malamin makaranta ya gyara zama, zai kawo hujja mai nauyi. Ya ce, "Duk mun ji, amma ai ba haka ido yake gani ba. Ido yana ganin komai dalla-dalla." Malam, da girmanka da allinka, ido ya daɗe yana yi maka wayo. Miƙa hannunka gaba ka dubi farcen babban yatsanka. Wurin da idonka ke gani tar a lokaci guda bai wuce kimanin faɗin wannan farcen ba. Sauran duka dishi-dishi ne, launi da siffa kawai, idon ne ke ta tsalle daga nan zuwa can, ƙwaƙwalwa tana ɗinke guntayen tana ce maka ka ga komai. In ba ka yarda ba, kafe idonka a kan kalma ɗaya a wannan shafi, ka karanta mini layi na biyar a ƙasanta ba tare da ka motsa shi ba. Ina jira. Shayina ma bai huce ba.

Ka tuna tafiyarka ta ƙarshe a mota da damina. Me ya rage maka a kai? Kore shimfiɗe har iyakar gani, jan hanya ta ratsa shi, wani dutse shuɗi-shuɗi can nesa. Ganye nawa ka ƙirga? Dutsen nan kuwa da ka isa gindinsa ka tarar ruwan toka ne ko ruwan ƙasa. Iskar da ke tsakaninku ce, da ƙurarta da tururinta, ta rina shi ta kuma kashe masa kaifi, kuma iya nisa iya dusashewa. Mu da muke da hunturu ai bai kamata a koya mana wannan ba. Ran da hazo ya sauka, gari duka faci uku yake komawa: na kusa mai duhu, na tsakiya mai toka, na nesa da ƙyar ake raba shi da sama. Kowace shekara ana yi muku wannan zane kyauta a ƙofar gida, ba ku taɓa cewa bai gama buɗewa ba. Tari kawai kuke yi.

Bari in ba ku labarin wata laya. A watan Oktoba na 1888, a wani ƙauye mai suna Pont-Aven a yankin Brittany na Faransa, wani saurayi ɗalibin zane, Paul Sérusier, ya bi mai zane Paul Gauguin zuwa wani kurmi a bakin kogi. Gauguin ya riƙa tambayarsa launin da yake gani a jikin bishiyoyi da inuwarsu da ganyensu. Abin da ya gani rawaya, ya ce ya sa rawaya. Inuwar da ta yi masa kama da shuɗi, ya sa shuɗi tsantsa. Jan ganye ya sa masa ja ba tare da tsoro ba. Saurayin ya yi hakan a kan wani ɗan katako mai tsawon santimita 27 da faɗin kimanin 21, bai kai allon ɗan makarantar allo ba. Abin da ya fito faci-faci ne na rawaya da ja da shuɗi da kore, bishiyoyi da inuwarsu cikin ruwa, sai ka natsu kafin ka gane gaɓa daga kogi. Ya koma Paris ya nuna wa abokan karatunsa, suka ruɗe, suka raɗa wa katakon suna da kalmar da ke nufin laya a harshensu. Yau yana gidan adana zane na Orsay a Paris, mutane na bin layi su gan shi. Ku kuwa da za a kawo muku shi, na rantse sai wani ya ɗora tukunyar shayi a kai.

Hajiya, ke ma na ga kina dariya a bayan mayafi, to zo nan, ke ce babbar shaidata. Ran da kika sayi atamfa, me ya sa kika hana mai shago sakat sai da ya sauko da mayafi bakwai kina karawa ɗaya bayan ɗaya? Mayafin da ya yi kyau a rataye, da kika ɗora shi kan atamfar sai ya mutu. Wani kuma da kika raina, da ya zauna kusa da ita sai ya farka. Wannan ilimi ne mai littafi. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris, wato sarkin karofin gidan. Aka yi ta kawo masa ƙara cewa baƙin zarensu ba ya yin baƙi sosai. Ya bincika ya tarar rinin lafiyarsa lau, maƙwabta ne matsalar: baƙin da aka saƙa kusa da shuɗi ko shunayya sai ya canza a ido. A 1839 ya fitar da littafi a kan yadda launi ke sauya maƙwabcinsa. To zanen faci-faci kacokan a kan wannan ya tsaya. Tunda babu ganye da tagogi da za su ɗauke hankali, in launi biyu ba su jitu ba babu inda za a ɓuya. Ruwan goro kusa da shuɗi sai su kunna juna, ja kusa da kore haka. Ke da kike ɓata awa guda a kan mayafi ɗaya, yaya za ki ce mai haɗa launi biyar su zauna lafiya a fili ɗaya bai yi aiki ba? Ido ba mudu ba, ya san ƙima.

A wannan shekara ta 1839 ɗin dai aka bayyana wa duniya na'urar ɗaukar hoto a Paris. Daga ranar, mai son a ƙirga masa ganye ya sami wanda zai ƙirga masa ba gajiya ba kuskure. Yau tana aljihun kowa, har da dattijon da ya ce datata ta ƙare. Mai zanen da ya ce zai yi tsere da ita wajen kwafe, ya zama mai jaki da ke tsere da jirgin ƙasa. Dole ya nemi abin da na'urar ba ta yi, wato zaɓe. Ita duk abin da ta tarar ɗauka take, da tsaunin da bolar da ke gindinsa, daraja ɗaya.

Saura masu cewa, "Kai dai faɗi gaskiya, kasawa suka yi suka fake da salo." Wannan zagin ku yi haƙuri, kun makara, an riga ku da fiye da shekara ɗari. A lokacin zafi na 1905 Henri Matisse da André Derain suka tare a Collioure, wani garin masunta a kudancin Faransa, suna zana teku da tuddai da jiragen ruwa da ɗanyen launi. Da aka baje aikinsu a Paris a ƙarshen shekarar, wani mai sharhi, Louis Vauxcelles, ya kira su namun daji. Sunan ya bi su, suka karɓe shi, yau da shi ake karanta su a makarantu. Kun ga naku na "tela ya share shago" ai yabo ne. Kafin su kuma akwai Paul Cézanne, wanda ya shafe shekaru yana zana dutse ɗaya tal, Sainte-Victoire, kusa da garinsu Aix, sau gommai, har zuwa ƙarshen rayuwarsa a 1906. Yana tsufa dutsen yana ƙara komawa faci-faci. A wata wasiƙa ta 1904 ya shawarci wani matashin mai zane da ya riƙa duban halitta ta hanyar siffofi na asali, mai kamar ganga, mai kamar ƙwallo, mai kamar malfa. Wanda ya kasa abu guduwa yake yi. Ba ya komawa gaban dutse ɗaya shekara da shekaru da kaya a bayansa.

Ita kuwa mai tsaunin da kuka yi wa dariya, an haife ta a Bairut a 1925. Marubuciya ce, ta kuma koyar da falsafa a Kalifoniya, ba ta fara zane ba sai da ta haura shekara 30. Akwai wani tsauni, Tamalpais, a arewa da San Francisco, kusa da inda ta zauna. Shi ta yi ta zanawa shekara da shekaru. Takan shimfiɗa ɗan ƙyallen zane a kan tebur, ta ɗebi fenti da wuƙar shafe, ta shimfiɗa shi faci bayan faci, yawanci a zama ɗaya. Duniya ba ta waiwaye ta sosai ba sai a 2012, da aka nuna aikinta a babban bajekolin Documenta a Kassel ta Jamus, tana da shekara 87. Ta rasu a Paris a 2021 tana da 96. Alhaji, matar nan ta yi rabin ƙarni tana koyon abin da za ta bari a waje. Kai ka duba na daƙiƙa huɗu, a juye ma, ka ce ɗanka.

Malam na zaure, na ga tun ɗazu kana jan carbi kana harara ta, na san tambayarka. Kwantar da hankalinka. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Ibn Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kuwa nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Zanen nan namu kuwa dutse ne da sama da gona, akuyar ma da hannu ya so ya ƙara mun hana shi. Kai ya kamata ka riga kowa sayen burushi. Kai kuma Bakano, tun farkon magana tambaya ɗaya ke cinka: nawa ake sayarwa? Ba zan faɗa ba. Na san halinku, gobe da asuba sai a wayi gari an buɗe layin masu zanen faci-faci a Kantin Kwari, ana ba da sari.

Don kada ku ce na zo kare dangi, zan ba ku gaskiyarku guda. Akwai 'yan damfara a harkar. Akwai wanda zai watsa fenti a ƙyalle ya tsaya gefe yana shafa gemu, in ka ce ba ka gane ba ya ce ilimi ne bai ishe ka ba. Ga yadda za ku kama shi. Ku ja da baya taku goma. Zanen kirki daga nesa yake haɗuwa, sai ka ji wuri ne mai kusa da nesa, ka san ko safiya ce ko yamma, ko zafi ake ko sanyi. Na bogi yana nan yadda yake, ƙyallayen tela. Sannan ku ɗauke shi da waya ku mai da hoton baƙi da fari. In an cire kwalliyar launi amma har yanzu sama sama ce, tsauni tsauni ne, to mai shi ya san aikinsa. In komai ya koma toka ɗaya kamar tuwon da ya kwana, ku yi dariyarku son rai, ni ma ku matsa mini in zauna.

Amma kafin nan akwai bashi a kanku. Gobe in rana ta yi sanyi, kowa ya samo bayan kwalin sabulu da almakashi da tsofaffin takardu masu launi, ko ƙyallayen telan unguwa, tunda ku kuka kawo shi cikin maganar. Fenti ma na yafe muku. Matisse kansa da ciwo ya kwantar da shi bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, almakashi da takarda mai launi ya koma yana aiki da su. Ku fita bayan gari, ku ƙanƙance ido, ku yanka faci biyar, ku liƙa. Ku kawo majalisa mu zagaya da shi hannu-hannu. In dattijo mai tabarau ya duba ya ce, "A'a, wannan ai Dala ne da yamma," ni zan biya kuɗin shayin kowa har da ƙwai. In kuwa ya juya shi sama ya juya shi ƙasa ya tambayi lafiyar datarka, sai ka biya.

Kuma Alhaji, kada ka turo mini na yaron. Na yarda zai iya, shi har yanzu ba wanda ya koya masa ƙirgar ganye. Naka nake jira, da sa hannunka a ƙasa.